Gyaran da na yi wa cikin motata a Legas

Yaya, bayan gaisuwa mai yawa, ka gaishe mini da Inna. Ka tambaye ni yadda nake iya kwana a mota idan na kai kaya kasuwar Mile 12 dare ya yi mini, to ga yadda abin yake.

Hiace ce 'yar Beljiyam. Na cire kujerun baya, kafinta ya yi mini gado mai ninkewa a gefe guda, ƙarƙashinsa akwati inda nake ajiye buta da darduma da risho. A nan na fara tafka asara. Falankin da muka saba da shi a gida na sa aka saya, wanda a Kano sai ya shekara da shekaru bai ce uffan ba. Nan ruwan watan Yuni kawai ya sha, ya kumbura, funfuna ta rufe bayansa, har katifar ta ɗauki wari. Wallahi raina ya ɓaci. Dole na sake da katakon da ba ya jin ruwa, na kuma sa aka huda shi don iska ta riƙa ratsa katifar. Ƙusa da sakata kuwa, iskar teku tana cin su da tsatsa idan ba ka shafa musu fenti ba.

Wajen samun kaya Legas ta fi mu, wannan ba gardama. Abin da za ka yini kana nema a Ƙofar Ruwa ta Kano, a Ladipo, kasuwar kayan mota ta nan, kafin ka rufe baki an kawo maka kala uku, sai dai 'yan kamasho za su yanyame ka tun daga bakin kasuwa. A kasuwar Alaba na sayi fanka mai volt 12 da ƙaramin sola da batir na daban, don kada in zuƙe na mota gari ya waye ta ƙi tashi.

Aikin hannu ne nake kewar gida. Nan kuɗin aiki da tsada, ga gaggawa. Sai wani tela ɗan Katsina a Agege ne ya zauna ya auna tagogin ɗaya bayan ɗaya, ya ɗinka mini labule da ragar sauro mai zif. Tun daga ranar nake barci ba sauro.

Idan direban albasa zai taso, a ba shi tabarmar kaba guda biyu, ledar da na shimfiɗa a ƙasa zufa take tarawa.