Sharhi kan taswirar bango ta macizai da ake sayarwa a Kaduna

Wani shagon littattafai da ke kan titin Ahmadu Bello yana sayar da babbar taswirar bango mai hotunan macizai, wadda aka tanada domin azuzuwan kimiyya na makarantun sakandare. Takardarta mai kauri ce, an lulluɓe ta da leda, saboda haka ƙurar hunturu ba za ta yi saurin cinye ta ba, kuma farashinta bai fi ƙarfin ƙaramar makaranta ba.

Sashen da ya fi armashi shi ne na maciji mai ƙararrawa a wutsiya na yankuna masu zafi, wanda masanin halittu Linnaeus ya raɗa wa sunan kimiyya Crotalus durissus a 1758. Hoton ya fito da ƙararrawar sosai, an kuma bayyana cewa gaɓa ɗaya take ƙaruwa duk lokacin da macijin ya yi saɓa. Bayanin mazauninsa ma daidai ne, domin yana son fili mai ciyawa da bishiyoyi jefi-jefi, irin dajin Cerrado da Caatinga na Brazil da filayen Llanos na Venezuela da Kolombiya, wanda ɗalibin Kaduna zai gane da sauƙi tunda dajinmu ya yi kama da haka.

Sai dai zanen yankin da yake rayuwa ya saɓa wa wannan bayani. An shafa wa Kudancin Amurka launi ɗaya gaba ɗaya, alhali babu shi a Chile, kuma ba ya zama cikin ƙungurmin dajin Amazon. Iyakarsa ta kudu ita ce Argentina da Uruguay. Game da makomarsa, an rubuta cewa ƙungiyar IUCN mai kare halittu a duniya ta sa shi cikin halittun da ba a fargabar ƙarewarsu, wanda gaskiya ne, amma an tsallake abin da ya fi jan hankali: sare dazuzzuka domin noma da kiwo a Brazil yana buɗe masa sababbin wurare, yayin da ɗan uwansa na tsibirin Aruba, kusa da gaɓar Venezuela, ke dab da ƙarewa.

Abin da ya fi damuna shi ne, macijin da babu shi a Afirka ya samu fili mai faɗi, kububuwa kuwa, wadda ke kai manoma asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe, an matse ta a lungu tare da kasa da kumurci. Malamin da zai saya ya shirya gyara zanen a kan allo, ya kuma nemo hotunan macizan gida ya liƙa a gefe.