fMRI ko EEG: wacce ta fi nuna yadda ƙwaƙwalwa ke gane fuska?

Ido na faɗawa kan fuskar mutum, kafin ƙiftawa ƙwaƙwalwa ta riga ta fara aiki. Na'urori biyu ne masu bincike suka fi dogara da su wajen bin diddigin wannan aiki.

EEG ce ta girme. Hans Berger ya fara gwada ta kan ɗan Adam a Jamus a 1924. Ana manna wayoyi a fatar kai, su ɗauko motsin lantarkin jijiyoyin ƙwaƙwalwa nan take. Da ita aka gano alamar N170, wadda ke bayyana kashi 170 cikin 1000 na sakan ɗaya bayan an ga fuska. Sai dai ƙoƙon kai yana dagula saƙon, ba ta iya nuna takamaiman inda ya fito.

Ita kuwa fMRI, na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa wadda aikin Seiji Ogawa na 1990 ya share wa hanya, jini take bi. Sashen da ya himmatu da aiki yakan jawo jini mai iskar oksijin, maganaɗisun na'urar ya hango shi. Da ita Nancy Kanwisher da abokan aikinta suka nuna sashen gane fuska a 1997, kuma tana kaiwa can ciki har amigdala, wani sashen ƙwaƙwalwa mai zabura idan an ga fuskar tsoro. Amma jini yakan makara da wajen sakan biyar. Ga tsada, ga ƙara, kuma dole mutum ya kwanta cikin ramin na'urar ko motsi babu.

Wannan kwanciyar ce ke damuna. Mu'amala gaba da gaba ake yinta, kuma da hular EEG mutum biyu na iya zama suna hira ana auna su tare. Don nazarin zamantakewa, ni ita zan fara ɗauka.