Ɗakin haihuwar wata ƙungiyar addini a Damagaram: abin da ya iya da inda ƙarfinsa ya tsaya

Ƙaramin asibiti ne da wata ƙungiyar Musulunci ta gina a jikin makarantarta ta islamiyya, a ɗaya daga cikin unguwannin gefen gari, kuma aikinsa awon ciki ne da karɓar haihuwa da rigakafin jarirai. A can ƙanwata ta yi awo tun cikinta yana wata uku har ta sauka, ni ce kuma mai raka ta.

Babban jarin wurin shi ne yardar da mutane suka yi da shi. Maigidan da yake jan ƙafa idan aka ambaci likita ba ya gardama idan limamin da yake bi salla ne ya ce a kai iyali awo, balle an tabbatar masa cewa mata ne za su duba matarsa. A jiharmu aka fara makarantar mazaje, inda ake tara magidanta ana wayar musu da kai kan lafiyar matansu, da taimakon UNFPA, asusun Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan al'umma, domin an daɗe da gane cewa izinin fita da kuɗin kabu-kabu suna hannun namiji, kuma ƙungiyar da ta gina asibitin nan ta bi wannan hanyar da wa'azin bayan sallar asuba. Ba sabon abu ba ne cibiyar addini ta riƙe lafiyar mata a Nijar, tun da asibitin Galmi na mishan yana aiki tun 1950, cibiyar Danja kusa da Maraɗi kuma tana gyara matan da doguwar naƙuda ta bari da yoyon fitsari.

Awon kansa ba na jeka-na-yi-ka ba ne. Ana gwada hawan jini kowane zuwa, a duba ƙafafu ko sun kumbura, a ba da ƙwayar ƙarin jini da allurar rigakafin sandarewar jiki, sannan a sa mace ta haɗiye maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro a gaban ma'aikaciya, don an san idan ta tafi da shi gida ƙarƙashin katifa zai ƙare. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shawararta daga zuwa awo sau 4 zuwa sau 8, kuma a nan ana rubuta ranar dawowa a karne, a maimaita ta da baki saboda waɗanda ba su yi boko ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda babbar ungozomar take tafiyar da tsofaffi. Da ƙanwata ta haihu, uwar mijinta ta zo da ƙullin bauri, ta kuma ce a matse nonon farko a zubar domin ba shi da kyau. Ungozomar ba ta ɗaga murya ba. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta ce, "Inna, ku ne manya, amma wannan dakashin shi ne rigakafin farko da Allah ya tanadar wa jikanki, ki bari ya sha, ko ruwa kada a ba shi sai ya cika wata shida." Ta ɗora jaririn a ƙirjin uwarsa, ta nuna wa tsohuwar yadda ake shafa maganin cibiya maimakon toka, ta ɗan taɓa maganar kunun kanwa da wankan jego da tafasasshen ruwa ba tare da ta kushe al'ada ba. Tsohuwar ta mayar da ƙullinta cikin zane.

Amma ƙarfin wurin yana da iyaka, kuma ya kamata mai ciki ta san da ita kafin ranar. Ba a yin aikin fiɗa, ba a ƙarin jini, ba likitan mata da yake kwana. Idan aka ga alamar jijjiga, ko jariri ya zo a gicciye, ko jini ya ƙi tsayawa bayan an yi allura, sai a rubuta takarda a tura mace babbar cibiyar uwa da yaro ta gwamnati. Ba sa riƙe mace don kwaɗayin kuɗi, wannan kam na yaba musu. Sai dai ba su da motar ɗaukar marasa lafiya, don haka da tsakar dare dangi ne suke buga ƙofofin maƙwabta neman mota, alhali zubar jini bayan haihuwa tana iya kashe mace cikin awa biyu. Ƙungiyar da ta iya tara kuɗin gini a bakin masallaci za ta iya tara na mota idan ta sa kanta.

Ruwa ma matsala ne, kamar ko'ina a Damagaram da rani, har akan ce masu jinya su zo da jarkarsu. Idan wuta ta ɗauke kuma, hasken rana da aka kafa firijin magani kawai yake riƙewa.

Ana biyan kuɗin awo da na haihuwa, ko da yake ba su taka kara sun karya ba, kuma ana yafe wa wadda ba ta da hali daga asusun zakka. Mai cikin da awo ya nuna lafiya lau, wurin ya ishe ta. Wadda aka taɓa yi wa fiɗa, ko mai tagwaye, ko mai hawan jini, ko yarinya ƙarama mai cikin fari, ta yi awonta a nan idan ta so, amma ranar naƙuda ta nufi babban asibiti kai tsaye.