Yadda ake cire kuɗin keke daga albashi a Ingila

Yaya barka da war haka, ya gida ya yara. Kan maganar da ka tambaye ni ta keken da nake zuwa aiki da shi, wai tsada ne ko araha a nan, to gaskiya keke mai kyau a Ingila ba araha bane, amma akwai wani tsari da gwamnati ta kawo tun 1999 da suke kira Cycle to Work, shi ne ya sa na iya mallaka.

Yadda abin yake, wurin aikinka ne zai biya kuɗin keken, kai kuma a riƙa cirewa daga albashinka wata wata, galibi shekara ɗaya, babu kuɗin ruwa ko kwabo. Za ka ce ai irin na kwaparatib ɗin ma'aikata ne da ake ba mutum babur a gida ana yanka a albashi, to akwai bambanci, nan ana cirewa ne kafin a lissafa haraji. Mai matsakaicin albashi yana biyan kashi 20 na haraji da kashi 8 na inshorar ƙasa, to duk kuɗin da ya tafi wajen keken wannan kashi 28 ɗin bai shafe shi ba. Keken fam 1,000 kenan za a riƙa cire wajen fam 83 duk wata amma abin da zai ragu a hannunka wajen fam 60 ne kawai. Har hular kwano da kwaɗo da fitila ana haɗawa a ciki, kuma tun 2019 aka cire iyakar fam 1,000 ɗin da ake da ita, shi ya sa yanzu mutane ke ɗaukar mai batir.

Sai dai fa a takarda keken ba naka bane, haya aka ba ka, kuma sharaɗin shi ne akalla rabin hawan da za ka yi ya zama na zuwa aiki. In shekara ta cika kace a bar maka shi nan take, hukumar haraji ta HMRC tana kimanta keken da ya haura fam 500 a kan kashi 25 na kuɗinsa, wanda zai cinye kusan duk ribar, don haka yawanci mutane sai su biya kashi 7 su ci gaba da riƙe shi wasu shekara 3 sannan ya zama nasu. In kuma ka bar aikin a tsakiya, sauran kuɗin daga albashinka na ƙarshe za a kwashe gaba ɗaya ba ragin haraji.

Abin da ke ci min rai shi ne doka ta hana a cire abin da zai sa albashin mutum ya faɗo ƙasa da mafi ƙarancin albashi, kenan 'yan uwanmu da yawa masu aikin kula da tsofaffi da shara, waɗanda su ne kuɗin bas ke cinye wa rabin aljihu, su ba sa samun shiga, alhali mai babban albashi da ke biyan kashi 40 na haraji shi ragin da yake samu haɗe da na inshorar ƙasa ya kai kashi 42. Mai sana'ar kansa ma babu shi a ciki sam. Wallahi da ni ake tambaya da daga masu ƙaramin albashi za a fara.