Mouettes, jiragen ruwa masu launin ɗorawa na birnin Geneva

Mutanenmu na Maradi da aiki ke kaiwa Geneva, yawanci taron OMS, wato hukumar lafiya ta duniya, ko na ƙungiyar ƙwadago ta duniya, sukan zo su tafi ba su shiga Mouettes ba, suna zaton jiragen masu yawon buɗe ido ne masu tsada. Ba haka ba ne. Motar haya ce ta kan ruwa, kuma tikitin bas da taram, ƙaramin jirgin ƙasa mai bin titunan gari, shi ne nata.

Geneva babban birnin jihar da ke ɗauke da sunanta ne a Suwizalan, tana zaune daidai inda kogin Rhône ke fita daga tafkin Léman, ruwa ya raba gari biyu. Faransanci ake yi, don haka tambayar hanya ba ta gagarar ɗan Nijar. Layuka huɗu ne ke ratsa ruwan. M1 daga Pâquis zuwa Molard, tana bi ta ƙarƙashin gadar Mont-Blanc. M2 daga Pâquis zuwa Eaux-Vives. Waɗannan biyun duk minti goma suke tashi, tsallakawar kuma 'yan mintuna ce. M3 da M4 suna zuwa Port-Noir, su sai kowane rabin awa, wanda ya rasa ɗaya zai sha zama.

In don kallo ne, M2 ta fi. Tana wucewa kusa da Jet d'Eau, ruwan nan da ake harbawa sama mita 140, lita 500 a kowace daƙiƙa. Wanda tafkin Madarunfa ne iyakar ruwan da ya sani zai riƙe baki. Sai dai ana kashe shi idan iska ta yi ƙarfi ko sanyi ya kai na ƙanƙara, kada a ɗauka lalacewa ya yi.

Batun kuɗi ne ke rikita baƙi. Tikitin awa ɗaya faran 3 ne na Suwizalan, wajen jika biyu na sefa, ya haɗa bas da taram da jirgin ƙasa a cikin jihar da Mouettes. Wanda ya sauka a otel kuwa ana ba shi Geneva Transport Card kyauta na tsawon kwanakinsa. A duba imel kafin tafiya, ta nan ake turowa. Wanda ya sauka gidan ɗan'uwa ba shi da wannan katin, sai ya saya, kuma kafin ya shiga. Ba karen mota da zai bi ka yana karɓar kuɗi, shi ke sa wasu su yi sakaci, har masu bincike su ritsa su da tarar kusan faran 100, jika saba'in ke nan.

Aibinsu biyu. Jiragen ƙanana ne, babban akwati ba ya musu daɗi. Mai kaya daga filin jirgi ya hau jirgin ƙasa, minti bakwai ya kai Cornavin, babbar tashar jirgin ƙasa ta cikin gari. Kuma ba sa kaiwa ƙofar Majalisar Ɗinkin Duniya, can sai taram 15 zuwa Nations. Sannan akwai bise, iskar arewa maso gabas mai ratsa ƙashi a kan ruwa, hunturun Maradi wasa ne a gabanta. Daga Nuwamba zuwa Maris a zauna daga ciki, a sa rigar sanyi mai kauri.