Littafin Labari, Tambayoyin Jarrabawa ko Malamin Lesin: Wanne Ya Cancanci Kuɗinku?

Yaron da ya tashi a unguwar Aboabo ko Asawase ta birnin Kumasi yana jin Hausa a gida, Twi a kasuwa, Larabci a makarantar allo, sannan Turanci ya tare shi a aji. Tunda Hausa ba ta cikin harsuna 11 da gwamnatin Ghana ta ware domin koyarwa a makarantu, babu mai yi masa bayanin darasi da harshen da yake tunani da shi. Shi ya sa ake samun ɗalibin da zai karanta shafi guda ba gargada, amma da an tambaye shi abin da ya fahimta sai ya yi zuru. Iyaye kan farga ne idan jarrabawar BECE, ta kammala ƙaramar sakandare, ta ƙarato, kuma a lokacin ne ake sayayyar gaggawa.

Abin da aka fi rububinsa shi ne kundin tambayoyin WAEC na shekarun baya. Yana da amfani, domin yana nuna wa ɗalibi salon tambaya da yadda zai raba lokacinsa, sai dai sikeli ne kawai, kuma yawan awo ba ya ƙara wa buhu nauyi. A saye shi a shekarar ƙarshe ta ƙaramar sakandare (JHS). Kafin nan wahalar da yaro kawai zai yi.

Inda nake ganin kuɗi ya fi yin aiki shi ne littattafan labari da aka tsara hawa-hawa musamman domin masu koyon Turanci. Jerin Oxford Bookworms, alal misali, yana farawa da kalmomi 250 a matakin share fage, ya hau 400, sannan 700, har ya kai 2,500 a mataki na 6, kuma Macmillan da Penguin suna da irin nasu. Hikimar ita ce, sai mai karatu ya san kusan dukkan kalmomin shafi kafin hankalinsa ya bar haɗa baƙi ya koma kan ma'ana, wato wane ne ya yi me, kuma don me. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sayen mataki gwargwadon ajin yaro ko shekarunsa. A tafi da shi wurin masu littattafai a Adum ko Kejetia, a buɗe tsakiyar littafin, ya karanta shafi ɗaya yana naɗe yatsa duk inda ya ci karo da kalmar da bai sani ba. Idan yatsu biyar suka ƙare shafi bai ƙare ba, a mayar a ɗauko na ƙasa da shi, ko da bangon ya yi kama da na ƙananan yara. Na hannu ma ya wadatar, muddin an duba shafukan ƙarshe ba su zube ba.

Aibin waɗannan littattafai shi ne saurin ƙarewa, kuma akasarin labaransu ba na nan ba ne. Ana iya cike giɓin da jaridar yara ta Junior Graphic mai fitowa mako-mako, da kuma yin rajista a ɗakin karatu na Ashanti da ke harabar Cibiyar Al'adu, inda aro ya fi saye sauƙi nesa ba kusa ba.

Manhajojin waya irin su Duolingo suna koyar da kalmomi da gajerun jimloli, amma ba sa saba wa yaro da dogon rubutu, ga cin data.

Malamin lesin shi ne mafi tsada, domin biyansa wata-wata ne, saboda haka a nemi zama cikin darasinsa sau ɗaya kafin a yi ciniki. Idan shi ke karantawa yana fassarawa yara na kwafar amsa, a nemi wani. Wanda ya cancanci kuɗin shi ne mai barin yaro ya karanta da kansa, ya rufe littafin, ya ba da labarin da bakinsa ko da cikin Hausa ne, sannan ya buɗe ya nuna layin da ya samo amsarsa.