Wane Gem Za Ka Saya In Burinka Ƙera Injinan Yaƙi Masu Tururi?

Ƙanena ne ya tayar da maganar. Ya tara 'yan kuɗinsa, ya zo ya same ni bayan isha'i ya ce, "Yaya, gem nake so wanda zan kafa daulata, in ƙera tankoki da jirage masu aiki da tururi da hannuna. Wanne zan saya?" Na ce masa ya ja kujera, don wannan ƙayar na riga shi takawa, har sau biyu.

Takun farko shi ya koya mini abin dubawa. Shekarun baya na sayi wani gem saboda hoton da ke shafinsa: ƙatuwar mota mai sulke, hayaƙi na tashi daga bututu, an rubuta wai kai za ka ƙera rundunarka. Da na shiga, ashe ƙirar duka ba ta wuce zaɓen launin fenti da tuta ba. Tun daga ranar tambayata ɗaya ce kafin in fitar da ko kwabo: a cikin gem ɗin nan akwai kwal, kuma wa ke ɗaukarsa ya kai wa tukunya? In babu amsa, tururin ado ne kawai.

Dalilin nacewata a kan kwal yana cikin tarihin abin. Injin tururi jibgegen kaya ne mai ci da sha. A 1769 Nicolas-Joseph Cugnot ya ƙera wa sojojin Faransa keken tururi mai ƙafa uku don jan igwa, tukunyar tana rataye a gaba, tafiyarsa ba ta fi ta mai ƙafa ba, kuma ba ya nisa sai an tsaya tururi ya sake taruwa. A 1852 Henri Giffard ya ɗaura injin mai ƙarfin doki 3 a ƙarƙashin balan-balan, ya tashi daga Paris ya yi kusan kilomita 27, amma ƙarfin bai isa ya juyo ya fuskanci iska ba. Amurka ma ta gwada tankar tururi a 1918, guda ɗaya tak aka ƙera. A teku ne tururi ya ci kasuwarsa, inda nauyi ba ya kayar da kai kuma akwai wurin zuba kwal. Saboda haka daɗin irin wannan wasa yana cikin ciniki ne: ka ƙara sulke ka rasa gudu, ka ƙara igwa ka rasa wurin kwal, ka ƙara kwal ka ƙara abin da zai kama da wuta.

Wanda ya fi kowa kama wannan cinikin, a ganina, shi ne Airships: Conquer the Skies. Ba zan ɓoye ba, nawa ne. Wani mutumin Suwizalan mai suna David Stark ya rubuta shi, kusan shi kaɗai, kuma cikakkensa ya fito a 2018. Ana kallon jirgin daga gefe kamar an yanka kankana an buɗe cikinta, kowane ɗaki a fili. Kai ke jera ɗakunan: rumbun kwal, farfela, igwa, ma'ajiyar albarushi, ɗakin kwanan ma'aikata, ɗakin jinya, wurin ɗiban ruwan kashe gobara, ɗakin kyaftin. Matsalar Giffard kuwa sun warware ta da wani dutsen almara da suka kira suspendium, wanda ke ɗaga jirgi sama, amma shi ma ɗakinsa kwal yake ci. Kwal ya ƙare, ko mai kai shi ya mutu a hanya, jirginka ya taho ƙasa kamar buhun masara.

Abin da ya sa na ƙi rabuwa da shi su ne 'yan mutanen cikin jirgin. Kana ganinsu ƙanana suna kai-komo a lungu da tsani, wannan da kwal, wancan da harsashin igwa, wani da bokitin ruwa, wani ya ɗauko wanda ya ji rauni. Nisan da ka sa tsakanin ma'ajiya da igwa shi ne nisan da za su taka, shi kuma zai nuna saurin harbinka. Jirgina na farko na sa masa suna Shirwa. Na cika masa gaba da igwa huɗu, na manna ma'ajiyar albarushi jikin rumbun kwal don in rage tsawo, na jefa wurin ruwa can wutsiya saboda na ga kamar ba shi da amfani. Karon farko da wani ɗan jirgin katako, harsashi ɗaya ya huda tsakiya, wuta ta kama. Ina kallon mutum biyu suna gudu da bokiti daga wutsiya, suna hawa tsani, suna sauka wani, kafin su iso albarushi ya tashi. Shirwa ta rabe biyu, gaban ya faɗo kan bishiyoyi, bayan ya ɗan yi lilo a sama tukuna ya bi sahu. Ban ji haushi ba ko kaɗan, don na ga kuskurena da idona. Na koma na raba albarushi da kwal, na sa ƙofar tare wuta a tsakani, na dawo da ruwa tsakiya. Shirwa ta biyu ta ci birni uku.

Batun daula ma yana nan. Taswira sabuwa ake haɗa maka, ka raɗa wa ƙasarka suna, ka zana tambarinta, kuma alamar da ka sa a tambarin tana ba ka wata 'yar fa'ida. Birane ke kawo kuɗi, kowane jirgi yana da kuɗin riƙo, akwai binciken fasaha da ke buɗe sababbin ɗakuna da makamai. Ba jiragen sama kaɗai ba, kana ƙera na ƙasa masu sarƙa ko masu ƙafafu, da ganuwar tsaron birni. Kana iya tura dakaru su dira cikin jirgin abokin gaba su ƙwace shi. Har dodanni akwai a taswirar. Umarni kuma ba a ba da shi a jere yadda aka ga dama, sai ka jira ɗakin kyaftin ya shirya, don haka wanda ya yi rowar wannan ɗakin zai zauna yana kallon jirginsa na shan duka.

Aibinsa? Zanen irin na da ne, wanda ya saba da gem masu ƙyalli zai yatsina fuska a kallon farko. Siyasar tsakanin dauloli ba ta da zurfin da masu son diflomasiyya za su so. Amma fayil ɗinsa ƙarami ne, ba ya cinye data, kuma tsohuwar laftof tana ɗaukarsa. Ga wanda ke lissafin cajin batir kafin a kawo wuta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Na biyu a wurina From the Depths ne, na kamfanin Brilliant Skies, wanda ya kammala fitowa a 2020. In maganar injin tururin kansa ake, ya fi Airships nisa: kai za ka haɗa tukunya, bututu, fistin ko tabain (sassan da tururin ke turawa su motsa injin), sandar juyi, har zuwa farfela, bulo bayan bulo, ta kowane ɓangare. Yana da yaƙin cin duniyar almara mai suna Neter da ƙungiyoyinta. Sai dai wannan makaranta ce, ba wasa ba. Za ka iya kwashe mako kana koyon yadda jirgi zai tsaya a ruwa bai kife ba, kuma manyan yaƙe-yaƙensa suna son kwamfuta mai ƙarfi. Ɗalibin injiniya zai ji daɗinsa. Ƙanena da ke son ya ci birni kafin ya kwanta, a'a.

Ultimate Admiral: Dreadnoughts da Rule the Waves 3 duk suna ba ka ƙirar jiragen ruwan yaƙi tun daga 1890, zamanin da ya haifi HMS Dreadnought ta 1906 mai tabain ɗin tururi da manyan igwa 10. Ƙira ce ta gaske, amma ƙasashen na tarihi ne, Ingila da Jamus da Japan, ba daular da ka ƙago ba, kuma na biyun kamar kana cike takardar lissafi a ofis. Iron Harvest dizal ne, kuma injinan a ƙere suke zuwa. Total War: Warhammer yana da tankar tururi a rundunar daularsa, kyakkyawa kuwa, amma saya kake ba ƙerawa ba, na ukunsa kuma ya haura giga 100. Frostpunk tururin ɗumama gari ne. Victoria 3 tattalin arziki ne.

Yanzu ga inda na fi son a buɗe kunne, don zaɓen gem bai kai sayensa haɗari ba. Takuna na biyu a nan ne. Wani a wani zauren hira ya ce yana sayar da lambar kunna gem a kashi ɗaya cikin uku na farashi. Na tura kuɗi, ya turo lamba, ta yi aiki, har na yi masa godiya. Bayan 'yan makonni na buɗe kwamfuta na tarar an cire gem ɗin daga akawun ɗina. Irin waɗannan lambobi sau da yawa da katin bankin sata ake sayensu, in mai katin ya kai ƙara aka mayar masa da kuɗinsa, sai a soke lambar. Na koma neman mutumin, lambar wayarsa ta daina shiga. Araha ba ta ado, haka aka ce, ni kuwa da kuɗina na tabbatar.

Akwai masu sayar da akawun ɗungurum. Za su ba ka suna da kalmar sirri, su ce ka sauke gem ɗin sannan ka kashe intanet ka riƙa bugawa haka. Akawun ɗaya suke sayar wa mutum da yawa, imel ɗin da aka buɗe shi da shi yana hannunsu, ranar da suka ga dama su canja kalmar sirri. Dokar Steam, shagon sayar da gem na intanet inda ake buɗe irin wannan akawun, ma ta hana sayar da akawun, don haka ba ka da inda za ka kai kuka. Akwai masu fasasshen gem a filashi ko a shafukan "kyauta", waɗanda ke cewa ka kashe maganin bairos kafin ka saka. Duk wanda ya ce ka buɗe ƙofa ka ɗaure kare, ka san abin da ya kawo shi. Abin da irin waɗannan fayiloli ke ɗauke da shi yakan kwashe kalmomin sirrin da ke ajiye a burauza, har da na banki. Kuma ko an dace babu cuta, ka rasa gyare-gyaren da ake fitarwa, ka rasa rumbun da 'yan wasa ke musayar jiragen da suka ƙera, wanda a Airships rabin daɗin ke nan.

Sai 'yan waya. Airships na Windows da Mac da Linux ne. In ka ga fayil an ce na Android ne, da hotonsa da sunansa, jabu ne. Haka saƙon da zai zo maka wai ka ci kyautar gem, ka shiga nan ka saka kalmar sirrinka: dubi adireshin shafin harafi bayan harafi, sukan sauya guda ɗaya ne kawai. Katin kyauta na Steam da ake tallarsa da rahusa mai yawa shi ma ka bar shi, wani an riga an yi amfani da shi, wani na kuɗin wata ƙasa ne da ba lallai ya shiga akawun ɗinka ba.

Hanya mai lafiya ba ta da wuya. Ka saya a Steam kai tsaye (sunan shagon ma tururi yake nufi, abin dariya), ka kunna Steam Guard, tsarinsu na tsaron akawun, a wayarka. In kuɗin sun yi kaɗan, ka sa gem ɗin a jerin abin da kake so ka jira babban rangwamen ƙarshen Yuni ko na ƙarshen Disamba. Kuma ka riƙe wannan ƙa'idar tasu: in ba ka wuce kwana 14 da saya ba, kuma ba ka buga awa 2 ba, kana iya neman a mayar maka da kuɗinka. Lambar da ka saya a hannun wani ba ta cikin wannan. Awa biyun nan kada ka ɓata su a kallon labarin buɗewa. Shiga wurin ƙira kai tsaye, ka cire rumbun kwal ko tukunya, ka ga ko gem ɗin zai damu. In injin ya ci gaba da tafiya, nemi kuɗinka.

Ƙanena dai Airships ya saya, a akawun ɗinsa, da katinsa. Shekaranjiya ya kira ni in ga jirginsa na farko. Igwa shida a gaba, albarushi manne da kwal, babu wurin ruwa ko ɗaya. Na ce masa ya yi kyau, ya shiga yaƙi da shi mu gani.